Makanikai, Mu Ajiye Guduma In Za a Sa Fulin Famfon Sitiyari

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana makanikai da kuma masu motoci, a kan wani ɗan aiki da ake rainawa a gareji, alhali yana cin kuɗin mutane, wani lokacin har ya nemi rayukansu. Ni bakanike ne a Kaduna. Na shiga gareji ina yaro, lokacin da Peugeot 504 da 505 da ake haɗawa a Kakuri suka cika titi, kuma yau shekarata talatin da 'yan kai ina riƙe da sifana. Aikin da nake nufi shi ne sa fuli a kan famfon sitiyari, wato faifan ƙarfen nan da fanbel ke hawa ya juya famfon da ke sa sitiyari ya yi laushi a hannun direba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata mota da aka jawo mini da igiya ranar wata Alhamis, kafin azumin da ya wuce. Chevrolet Suburban ce 'yar Amurka, irin manyan nan da ƙungiyoyin agaji kan yi gwanjonsu in sun tsufa. Mai ita wani Alhaji ne ɗan kasuwar hatsi, yana zirga-zirga tsakanin Kaduna da Zariya da Funtuwa. Da ya sauko bai ma gama amsa gaisuwa ba ya ce, "Malam, famfo biyu na saya cikin wata biyu. In wannan motar aljanu ne da ita ka gaya mini in sayar." Na ce masa ya bari in buɗe bonet tukuna.

Abin da na gani ya ɓata mini rai. An yi wa fulin walda a kan shaf ɗin famfon, wato sandar ƙarfen da fulin ke zama a kai, ɗigo uku na walda, baƙi ƙirin. Man sitiyari ya jiƙa gaban inji gaba ɗaya. Fanbel kuwa babu shi, sai zare-zarensa da suka naɗe a jikin fanka. Da na bi labarin a hankali, ga yadda aka yi. Famfonsa na asali ya fara kuka saboda tsufa, ya kai wani gareji, aka sayo sabo. Sabon famfo ba ya zuwa da fuli, sai an ciro na tsohon an mayar. Suka ɗora fulin a bakin shaf, ya ƙi shiga, suka ɗora katako a kai suka yi ta dukansa da guduma har ya zauna. Sati uku famfon ya yi ya fara gurnani, sitiyari ya yi tauri. Aka ce masa jabu aka sayar masa. Ya sayo na biyu ya kai wani wurin. Wannan bakaniken shi ya san guduma ba ta da kyau, sai ya bi wata hanyar da ita ma ba ta ɓullewa: ya sa fayil ya ci cikin ramin fulin har ya shige da hannu. Da aka tayar da inji fulin ya riƙa juyawa shi kaɗai, shaf yana tsaye. Sai aka kira mai walda. Zafin waldar ya bi ƙarfe ya ƙone robar da ke tare mai a wuyan famfon, kuma fulin ya zauna a karkace. A wajen Giwa, kan hanyar Funtuwa, fanbel ya tsinke. A irin wannan injin fanbel ɗaya ne ke juya komai, da famfon sitiyari da altaneta da famfon ruwa da na'urar sanyi. Lokaci ɗaya sitiyari ya ƙage, fitilar gargaɗin batir ta kunna, allurar zafi ta fara hawa. Yana da iyali a ciki. Allah ya kiyaye ba a kan kwana ba ne, kuma ba babbar mota a gabansa.

Ba na son in zagi waɗannan makanikai biyu, domin na san inda matsalar ta samo asali. Yawancin yaranmu a kan Toyota da Honda suka koyi aiki. A yawancin waɗannan motocin fulin famfon sitiyari yana da haƙora a ciki ko ɗan maɓalli, ka zura shi ka ɗaure da noti, shi ke nan. Amma motocin Amurka da yawa, Chevrolet da GMC da Ford da Jeep, ba haka aka yi su ba. Shaf ɗinsu sumul yake, ba haƙori, ba noti. An yi ramin fulin ya ɗan gaza kaurin shaf ɗin da gangan, bambancin bai kai kaurin silin gashi ba, kuma wannan matsin kaɗai ke riƙe da shi duk tsawon rayuwar motar. Wanda bai san haka ba, in ya ga fuli ya ƙi shiga zai ɗauka kuskuren kamfani ne, ko an ba shi wanda ba nasa ba. Ƙin shigar nan ita ce lafiyarsa. Ranar da ya shiga da hannu ya tashi daga aiki.

Dalilin da guduma ke kashe famfo kuwa sai wanda ya taɓa farke shi zai gane sosai. Shaf ɗin nan ba a bakin famfo ya tsaya ba. Ya wuce ciki, yana ɗauke da wani ɗan faifai mai tsaga-tsaga, a cikin kowace tsaga akwai wani siririn ƙarfe da ke shiga yana fita, suna zagaya cikin wani zobe mai siffar ƙwai. Faranti biyu sun rufe su gaba da baya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce ta mai ya ratsa ba. Da wannan tsarin famfon ke matsa mai har ƙarfinsa ya ninka iskar tayar mota sau talatin ko arba'in in an murɗe sitiyari zuwa ƙarshe. To duk dukan da ka yi wa fuli ba a fuli yake tsayawa ba, shaf ne ke kai shi ciki, ya sauke a kan farantan nan da zoben da ke riƙe da su. Ba ya mutuwa nan take, abin da ke ruɗin mutane ke nan. Mai mota zai tafi yana godiya, bayan sati biyu ko uku ya dawo, a ɗora wa mai sayar da kaya laifi. Katakon da ake ɗorawa fuskar fulin kawai yake karewa, ba ya rage komai daga abin da ke isa ciki. Haka ma masu kai shi injin matse boris ba tare da an tokare shaf ɗin ba. Wannan ma duka ne, sai dai ba ƙara.

Masu ƙera famfon sun bar hanyar da za a bi, kuma a fili take ga duk wanda ya duba. A tsakiyar kan shaf ɗin akwai rami mai zare. Ba don ado aka yi shi ba. Ana ɗaura dogon bol a cikinsa, a jawo fulin zuwa kan shaf da noti, ta yadda duk ƙarfin zai tsaya tsakanin shaf da fuli, ba abin da zai taɓa cikin famfon. Akwai ƙaramin akwatin kayan aiki da ake sayarwa don wannan, mai abin cirewa da abin sawa. Ina da shi tun shekaru, na saya a hannun masu kayan kwantena. Sai dai ranar da motar Alhaji ta zo, ɓangaren sawar ba ya nan. Wani ya ara tun bara bai dawo da shi ba, kuma ba wanda ya tuna ko wane ne. Zan dawo kan wannan maganar.

Ranar farko ta tafi ne wajen neman kaya, har da wani famfon, na uku ke nan. Fulin da aka yi wa walda ya gama yawo, don haka na shiga kasuwar Panteka da kaina na samo wani a jikin mataccen famfo. Wajen cire shi ma akwai tarko. Mai kayan ya ɗauko abin cire boris mai ƙafa uku zai maƙala a gefen faifan, na riƙe hannunsa. Gefen fulin nan ƙarfe ne marar kauri, in ka ja ta nan zai lanƙwashe kafin tsakiyar ta motsa, kuma fulin da ya lanƙwashe ko kaɗan ne ba ya miƙewa, zai yi ta rawa yana cin fanbel. A wuyan fulin, daidai tsakiya, akwai wata 'yar kwarmi da aka zagaya. Nan ake kamawa da wasu ƙarafa biyu masu kama da rabin zobe, a rufe su da hannun riga na ƙarfe, sannan a murɗa bol ya tura shaf baya. Na koma gareji na ɗauko nawa, cikin minti biyar ya fita lafiya.

Sai maganar bol, wadda ita ce ta fi ba ni wahala, kuma ina roƙon matasan makanikai su karanta wannan wurin sau biyu. Famfon da ke cikin irin wannan Chevrolet ɗin shi ne wanda ake kira Saginaw, sunan wani gari ne a jihar Michigan inda aka daɗe ana ƙera su. Kaurin shaf ɗinsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, kusan milimita 19. Zaren ramin kuwa na inci ne, 3/8, mai zare 16 a kowane inci. Mu kuma a nan kusan duk bol ɗin da ke cikin kwanon gareji na milimita ne. Bol mai kaurin milimita 10 ya yi kama da shi ƙwarai, domin 3/8 ɗin milimita tara da rabi ne, tazarar zarensu ma ta kusa zama ɗaya. Zai iya kama baki ya yi zagaye ɗaya ko biyu, sai ya cije. Wanda bai sani ba zai ce tsatsa ce, ya sa sifana ya ƙara ƙarfi, ya yanka sabon zare a kan na asali, ko bol ɗin ya karye a ciki. In ya karye a ciki an shiga uku, don shaf ɗin ƙarfe ne mai tauri, haƙo guntun bol daga cikinsa aikin yini ne. Wasu famfunan kuma, na wasu Ford da ƙananan motocin GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, zaren milimita 8 gare su. Ƙa'idar da nake bi ita ce, bol ɗin da bai shiga da yatsu biyu har ƙasa ba, ba nasa ba ne. Na zaga rumfuna bakwai ban samu ba, sai a wurin wani dattijo mai sayar da kayan tarakta da manyan injinan hanya na Amurka. Na zaɓi mai tsawon inci huɗu wanda zarensa ya kai har sama, mai layi shida a kansa, alamar ƙarfe mai ƙarfi ke nan a bol ɗin inci, kamar yadda ake rubuta 10.9 a kan na milimita. Na haɗa da noti biyu da wosha masu kauri.

Washegari Juma'a muka fara da sassafe. Wani abin da ake mantawa a irin wannan motar shi ne, sai an fara ɗaure famfon a mazauninsa kafin a sa fuli, domin fulin yana rufe kusoshin. Wanda ya sa fuli a kan benci zai sake cire shi. Muka ɗaure famfo, na goge shaf, na goge ramin fulin da samfefa mai laushi don cire tsatsa kawai, ba don cin ƙarfe ba, na shafa ɗan mai. Na ɗaura bol ɗin har ya taɓa ƙasan ramin. Wannan ma wuri ne da ake kuskure. Ba bol ake murɗawa ba. Bol yana tsaye cik, an riƙe kansa da sifana ɗaya, noti ne ke tafiya a kansa yana tura wosha, wosha na tura fuli. In ka ce bol ɗin za ka murɗa ya ja fulin, to a farkon aikin zare biyu ko uku kaɗai ya kama a cikin shaf, kuma su za su ɗauki dukan nauyin, sai su zube.

Da farko ya tafi lafiya. Yarona yana murɗa noti ina riƙe da bol, fulin yana shiga a hankali yana ɗan ƙara kamar ƙofar da ba a shafa wa mai ba. Da ya rage kamar milimita shida sai ya tsaya. Aka ƙara ƙarfi, bai motsa ba. Na duba na ga woshar ta lotsa ta zama kamar murfin kwalba, notin kuma ya yi zafi. Yaron, wanda yake da ƙoƙari kuma ina ji da shi, ya je ya ɗauko dogon bututu zai zura a sifana. Ya ce, "Oga, saura ƙiris ne fa, in na ɗan danna zai shige." Na ce masa ajiye. Alhaji yana zaune a kan benci yana kallon agogo, ya ce, "Malam, wancan yaron cikin minti ashirin ya sa nasa." Na ce, "Haka ne Alhaji, shi ya sa kake nan yau." Bai ji daɗi ba, amma ya yi shiru.

Na san mutane da yawa a wannan matakin suke barin aikin. Su ce milimita shida ba komai ba ne, su sa fanbel su sallami mai mota. Fanbel ɗin irin wannan injin mai layi shida ne, kuma kowane layi yana da kwarminsa a kan kowane fuli. Tazarar layi da layi ba ta kai milimita huɗu ba. In fuli ɗaya ya fito waje da milimita shida, ya wuce layi ɗaya da rabi ke nan. Fanbel zai yi ta ƙara da safe, gefensa ya fara zarewa, wata rana ya sauka a kan hanya. Ko milimita biyu ma yana isa ya cinye shi kafin lokacinsa.

Abin da na yi shi ne na sake ciro fulin gaba ɗaya, ko da yake raina bai so ba. Da na haska cikin ramin da tocila sai na ga dalilin. Akwai wani ɗan tudu a bakin ramin ta baya, tabon wani tsohon duka da aka taɓa yi masa tun yana jikin motarsa ta farko, kuma da muka tura shi ya kwashi ƙarfe ya tara a gefe guda, ya bar zane a jikin shaf. Da mun sa bututun nan, ɗayan biyu ne: ko bol ya karye, ko zaren shaf ya zube, kuma famfo na uku ya tafi ke nan. Na sa dutsen wasa wuƙa mai laushi na kwantar da tudun kaɗai, na bi zanen da ke kan shaf da samfefa har farce ya daina kamawa. Na aika wurin mai injin yankan ƙarfe ya yanko mini wosha mai kaurin milimita takwas, na samo ɗan ƙaramin boris na kwance na sa tsakaninta da noti, na cika zaren da giris. Rabin ƙarfin da mutum ke sawa a sifana a gogayyar noti da wosha yake ƙarewa, boris ɗin nan shi ke kawar da wannan.

Bayan an sauko daga masallaci sai muka yi amfani da zafi. Ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, kowa ya san wannan, amma ba kowa ya san gwargwadonsa ba. Sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana ƙaruwa da milimita ɗaya da ɗan kai in zafinta ya hau da digiri 100. Rami mai faɗin milimita 19 kuwa abin da zai buɗe kusan kashi biyu cikin ɗari na milimita ne kawai. Ido ba ya ganinsa, amma matsin da muke faɗa da shi ma a wannan ma'aunin yake, don haka yana rage aiki sosai. Na karɓi aron tukunya a wurin mai shayin bakin garejinmu, muka tafasa ruwa muka jefa fulin ya yi minti goma sha biyar a ciki. Shaf ɗin kuma na ɗora masa ƙanƙara a cikin leda. Na zaɓi ruwa ne da gangan, saboda ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da ka hura masa. Wutar mai walda ba ta da linzami, tana iya murɗe faifan ko ta canza ƙarfin ƙarfen, kuma zafin zai bi shaf ya ƙone robar mai kamar yadda ya faru da famfo na biyu. Wasu fulin ma ba ƙarfe ba ne, baƙar roba ce mai tauri da ɗan ƙarfe a tsakiya, waɗannan ko kusa da harshen wuta ba a kai su.

Aka ciro shi da filaya, na goge ruwan da tsumma, na shafa mai, na ɗora shi a miƙe, muka ɗaura. A nan ake son hanzari, don yana taɓa shaf mai sanyi ya fara komawa. Bai kai minti uku ba ya zauna, fuskar wuyan fulin ta yi daidai da kan shaf, in ka shafa da yatsa ba ka jin tudu. Ban tsaya a nan ba, na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe daga fulin ƙasan inji zuwa wannan na tabbatar layinsu ɗaya. Yaron ya tsaya yana kallon sifanar hannunsa, don ko gumi bai yi ba.

Sauran aikin sananne ne, sai dai shi ma ana yi masa ha'inci. Famfon da ya mutu yana barin garin ƙarfe a cikin mai da bututai, in ba a wanke ba sabon zai sha shi. Muka zubar da tsohon mai gaba ɗaya, muka ɗuraye layin da sabo, muka ɗaga gaban motar a jak, inji a kashe, muka yi ta juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe har kumfa ta daina fitowa, sannan aka tayar. Kuma don Allah a daina zuba man birki a tankin sitiyari, yana kumbura robobi. A duba abin da aka rubuta a murfi ko littafin mota. Toyota da yawa man giya na atomatik suke sha, Honda kuwa nata man daban ne. Wani abin da ya kamata masu manyan motocin Amurka su sani, a wasunsu famfon sitiyarin nan shi ne kuma ke ba birki ƙarfi. In ya tsaya, sitiyari da birki ne za su yi tauri tare.

Da Alhaji ya zo biya, sai da muka yi ciniki mai tsawo a kan kuɗin hannu. Bai yi musun kuɗin famfo ba, bai yi musun kuɗin fanbel ba, amma kwana biyun da na yi a kan motarsa yana ganin kamar na ja aikin ne. Ba shi kaɗai ba ne, haka yawancin masu motoci suke, kuma ina ganin suna da kaso a cikin wannan ɓarnar. Muddin wanda ya gama cikin minti ashirin shi ne gwani a idon mai mota, wanda ya tsaya aunawa kuma shi ne mai jan rai, to yaranmu guduma za su ci gaba da ɗauka, domin ita ke kawo kuɗin abincin rana. Mai mota yana da haƙƙin ya tambayi bakanike da me zai sa fulin nan. In an nuna masa guduma ko fayil ko mai walda, ya rufe bonet ɗinsa ya tafi, ko da jan motar zai yi.

Kirana na gaba ga shugabannin ƙungiyarmu ta makanikai ne, NATA, tun daga rassan unguwa. Muna karɓar kuɗin wata-wata, muna haɗuwa in an yi rasuwa ko biki, kuma wannan abu ne mai kyau. Amma me zai hana kowane reshe ya sayi irin waɗannan kayan aikin da bakanike ɗaya ba ya buƙatarsu sai sau uku ko huɗu a shekara, a ajiye a ofis da littafi, mai so ya ajiye kuɗin jingina ya ɗauka, in ya dawo da shi lafiya a mayar masa? A Amurka, inda motocin nan suka fito, manyan shagunan kayan mota irin su AutoZone haka suke ba da aron kayan aiki. Akwatin da nake magana bai kai kuɗin famfo ɗaya ba. Aro tsakaninmu ba littafi shi ya raba ni da nawa, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, garejin mutum ɗaya ba zai iya mallakar kayan kowace irin mota ba.

Masu sayar da kaya a Panteka da Ƙofar Ruwa ta Kano, ku ma abin ya shafe ku, don ku ake kira maƙaryata in famfo ya mutu cikin sati uku. Bol ɗaya da noti da wosha mai kauri in kun ɗaura a jikin kowane famfo irin wannan, kun ce wa mai saye ga abin da ake sawa da shi, kun tsare mutuncinku da kuɗi kaɗan. Hukumar horar da sana'o'i ta ITF da kwalejojin fasaha kuma ina roƙon su riƙa fitowa garejin bakin titi, inda mafi yawan yaran suke, ko da yini ɗaya ne a wata. Karanta ma'aunin baniya, wato abin auna kaurin ƙarfe, da bambance zaren inci da na milimita ba ya buƙatar zangon karatu, yamma ɗaya ta isa.

Wani abokin aikina ya ce mini ina ɓata tawada, wai sababbin motoci sitiyarin lantarki gare su, ba famfo ba fuli. Gaskiya ne Corolla daga ƙirar 2009 da Camry daga 2012 sun koma lantarki. Amma ya leƙa titi ya ga shekarun motocin da talakawa da 'yan kasuwa ke hawa. Masu famfon nan za su daɗe tare da mu. Kuma hannun da ya saba dukan fulin sitiyari shi ne zai doki boris ɗin taya da fulin ƙasan inji da famfon ruwa.

Motar Alhaji tana kan hanya har yanzu, ya biyo ta garejin bayan Sallah aka canza baƙin mai, fanbel ɗin ko gezau. Famfo na farko da aka kashe da guduma na roƙe shi ya bar mini, na farke shi, farantin ciki yana nan da zanen da ƙarafan suka yi masa. Shi da bol ɗin nan mai layi shida da woshar da ta lotsa zan tafi da su taron reshenmu na ƙarshen wata in Allah ya kai mu, in ajiye a kan tebur kowa ya taɓa da hannunsa.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani bakanike,
Kaduna.